Yoyon baƙin mai a injin mota: gyara uku da suka kuskure, da na huɗun da ya tsayar da shi

## Motar da irin aikin da take yi

Motar ƙarama ce mai shan fetur, injinta silinda huɗu, lita 1.8. An girka injin a gicciye, fulin karanshaf (babban shaf ɗin da fistan ke juyawa) na kallon tayar gaba ta dama, giyabos kuma yana hagu. Giyar hannu ce, kuma sarƙa ce ke juya kamshaf. Lokacin da matsalar ta kunno kai motar na da shekara 13, agogon tafiyarta yana kan kilomita 186,200, kuma ba a taɓa buɗe injin ba.

Littafin motar ya ce a zuba mai 5W-30, lita 4.2 idan an haɗa da canjin filta. Tsakanin alamar ƙasa da ta sama a sandar awon mai kusan lita guda ne, don haka idan mai ya sauka zuwa tsakiya, rabin lita ya tafi ke nan. Da wannan ma'aunin aka lissafa duk asarar man da za a ambata a nan.

Mai motar kan yi tafiyar kilomita 7 da safe, ya dawo da yamma, sai doguwar tafiya guda a ƙarshen mako. Jimilla kusan kilomita 300 a mako. A gajeriyar tafiya irin wannan mai ba ya daɗewa da zafi har ya kori danshi da ɓurɓushin fetur da ke taruwa a cikinsa. Duk da haka sai an yi wajen kilomita 12,000 ake juye man, alhali littafin ya nemi a riƙa juye da wuri ga motar da ke irin wannan zirga-zirga.

## Mako na 1, kilomita 186,200: ɗigon farko

Abin da aka fara gani ɗigo ne a ƙasa inda motar ke kwana, kusan tsakiyar gabanta, ɗan karkata hagu. Mai motar ya shimfiɗa kwali ya bar shi ya kwana. Da safe ya ƙirga ɗigo 12, a wuri biyu da ba su kai tafin hannu tsakaninsu ba.

Ruwan baƙi ne mai ratsin ƙasa-ƙasa, yana da santsi, kuma launinsa ɗaya da na jikin sandar awo. Wannan ya isa a ce man inji ne. Man giyar hannu yana da wari mai hawa kai irin na farar wuta, man giya mai canza kanta galibi ja-ja ne, man birki ya fi tsinkewa kuma yana gaurayuwa da ruwa, ruwan lagireto kuwa galibi launinsa kore ne ko ruwan hoda. Sandar awo ta nuna mai a tsakiya. Fitilar mai ba ta kama ba, zafin inji yana inda ya saba.

## Mako na 2, kilomita 186,500: wosha da filta

Makaniken farko ya shiga rami ya leƙa. Ƙasan kaskon mai sharkaf yake, ga ɗigo rataye a kan notin juye, ga wani a gindin filta. Ya ce woshar notin ce ta gaji. Aka juye mai, aka sa sabuwar woshar alminiyam, aka ɗaure notin, aka canza filta. An duba an tabbatar robar tsohuwar filtar ba ta maƙale a mazauninta ba, domin roba biyu a kan juna kan fashe ta zubar da mai cikin 'yan mintuna. An shafa wa robar sabuwar mai, an murɗa ta da hannu kashi uku cikin huɗu na juyi bayan ta taɓa mazauni. Aka goge kaskon da tsumma. Sama da kaskon ba a wanke komai ba.

Kwana biyu kwali ya fito tas. A rana ta uku ɗigo ya dawo inda yake.

## Mako na 5, kilomita 187,400: mai kauri da maganin toshe yoyo

Bayan kilomita 900 da juyen, sanda ta sake nuna tsakiya. Rabin lita ya tafi. Shawarar da aka ba mai motar ita ce tsohon inji ba ya rabuwa da naso, kuma mai ruwa-ruwa ba ya yi masa. Aka juye 5W-30, aka zuba 20W-50, aka ƙara gwangwani guda na maganin toshe yoyo.

Maganin nan aikinsa ya tausasa robar sil, wato zoben da ke hana mai fita, ya ɗan kumbura ta. Ɗigon dare ya ragu daga 12 zuwa 7 ko 8, har aka ɗauka an dace. Amma a kilomita 900 na gaba injin ya rasa wajen mililita 400. Da safe kuma fitilar mai takan ƙara daƙiƙa ɗaya ko biyu kafin ta mutu, saboda mai kaurin yana jinkirin kaiwa sama idan inji ya yi sanyi.

## Mako na 8, kilomita 188,300: gaskit ɗin murfin sama

Sai ƙaurin mai ya fara shigowa cikin mota duk lokacin da aka tsaya bayan doguwar tafiya. Injin kuma ya fara ɗan karkarwa a silo, wato idan yana aiki ba a taka totur ba. Da aka zare koyil-koyil, aka tarar ramin fulogi na biyu ya tara mai har rabin farin jikin fulogin. Gefen murfin saman inji ta ɓangaren salansa a jiƙe yake, man na gangarowa kan garkuwar manifol yana ƙonewa.

Nan babu tababa gaskit ɗin murfin, wato robar da ke liƙe bakinsa, na yoyo. Ya bushe ya yi tauri, da aka lanƙwasa shi sai ya karye. Aka sa sabo tare da sil-sil ɗin ramukan fulogi. An shafe shi da gam ɗin silikon sama da ƙasa, kewaye gaba ɗaya, aka ɗaure notuna da sifanar hannu har sai da suka ƙi motsi. Karkarwar ta tafi, ƙaurin ya ɗauke. Ɗigon kwali kuwa bai ɗauke ba, ya dai tsaya a 6 zuwa 8.

## Mako na 11, kilomita 189,100: an gudu ba a tsira ba

Cikin kilomita 800 da canjin gaskit, sanda ta sauka daga alamar sama zuwa ta ƙasa, lita guda cur. Ƙauri ya dawo. Bel ya fara ƙara da safe, kuma wani sabon ɗigo ya bayyana ta dama, kusa da taya. Babban ɗigon yana nan a gindin ƙoƙon giyabos, daidai inda inji da giyabos suka haɗu.

Makaniken ya ce sil ɗin karanshaf na baya ne ya tafi, sai an sauke giyabos. Aikin ya haɗa da zare shaf-shaf ɗin tayoyin gaba, da juye man giya, da kwance kuloci da fulawil (faifan ƙarfen da ke ƙarshen karanshaf), duk don a kai ga zoben roba guda. Mai motar bai amince nan take ba, ya kai ta wani gareji a sake dubawa.

## Mako na 12, kilomita 189,300: bincike kafin a taɓa sifana

Makanike na biyu ya fara da lissafi. Ɗigo 20 kusan mililita guda ne. Ɗigo 12 kowane dare, na mako uku, bai wuce mililita 13 ba, alhali a mako ukun da suka biyo bayan juyen farko rabin lita aka rasa. Abin da kwali ke kamawa ko kashi uku cikin ɗari na asarar bai kai ba. Ke nan mafi yawan man yana tafiya ne lokacin da inji ke aiki: ko dai ana ƙona shi a ciki, ko kuma yana fita ta wurin da famfon mai ke tura shi da ƙarfi. Wosha da bakin kasko ba sa cikin irin waɗannan wurare, domin man da ke kasko kwance yake, babu matsi a kansa.

Aka fara da batun ƙonawa. Babu shuɗin hayaƙi a salansa, ko a tashin safe, ko idan an taka totur bayan an daɗe a silo. Bakin fulogi huɗun a bushe suke, launinsu ƙasa-ƙasa. Matsin silinda, a ma'aunin matsi na bar, ya ba da 12.5, 12, 12.5 da 12, bambancin bai kai kashi goma cikin ɗari ba. Ruwan lagireto garau yake, babu mai a samansa. Zoben fistan da gaskit ɗin kan silinda suka fita daga zargi.

Daga nan sai wanki, wanda shi ya fi komai cin lokaci. An bar injin ya huce, aka rufe alteneta da bakin shaƙar iska da leda, aka cire garkuwar robar da ke ƙarƙashi. Aka fesa maganin narka maiƙo daga murfin sama har kasko, gaba da baya, aka goge da buroshi, aka ɗauraye da ruwa marar ƙarfi. Lungunan da buroshi bai kai ba aka bi su da feshin wanke birki, wanda ke bushewa nan da nan amma yana kama wuta, shi ya sa ba a fesa shi kan salansa mai zafi. Aka hure komai da iska har ya bushe ƙayau. Motar tana kan ƙafafun ƙarfe duk tsawon aikin, ba a shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai.

Aka zuba mililita 30 na rinin gano yoyo a cikin mai. Rinin nan yana ƙyallin rawaya-kore idan an haska shi da wata fitila ta musamman da ake kira fitilar UV. Inda babu shi, farar hoda da aka fesa a busasshen inji ma takan nuna sawu, sai dai rini ya fi bambance sabon mai da tsohon maiƙon da wanki ya bari.

An tada inji ya yi minti 10 a silo. Babu komai. Aka ɗaga shi zuwa juyi 2,500 a minti na tsawon minti biyar, aka kashe, aka shiga dubawa daga sama zuwa ƙasa da fitila da ƙaramin madubi mai sanda. Dalilin farawa daga sama shi ne mai gangarowa yake yi, iskar tafiya kuma tana kora shi baya. Kamar rufin ɗaki ne mai yoyo, inda ruwa ke ɗiga ba lallai nan ramin yake ba. Abin nema shi ne wuri mafi tsayi kuma mafi gaba da ya jiƙe.

Ƙyalli na farko ya fito a jikin bulok, ƙarƙashin manifol ɗin shaƙar iska, wajen santimita 15 sama da mahaɗar inji da giyabos. Nan suwic ɗin fitilar mai yake. Zaren da ya shiga bulok a bushe yake. Man yana fitowa ne daga inda robar kan suwic ɗin ta haɗu da ƙarfensa, kuma da aka zare soket ɗin wayar, cikinsa cike yake da mai. Aka sake tada inji ana kallo ta madubi: a silo wurin yana sheƙi kawai, amma da aka kai juyi 3,000 sai ɗigo ya riƙa taruwa yana faɗuwa duk bayan 'yan daƙiƙu. Sawun rinin ya gangara ta jikin bulok, ya bi bakin ƙoƙon giyabos ta waje, ya rabu biyu a ƙasa. Reshe ɗaya ya tsaya a gindin ƙoƙon, ɗayan ya bi bakin kasko ya je ya rataya a kan notin juye. Wuraren nan biyu su ne ɗigo biyun da kwali ya nuna tun makon farko.

Don a rufe batun sil na baya, aka kwance ɗan murfin da ke ƙasan ƙoƙon aka haska ciki. Bayan fulawil a bushe yake, ƙurar kuloci ce kawai, babu ƙyalli ko kaɗan. Da sil ɗin ne ke yoyo, da fulawil ya watsa man ya zagaye cikin ƙoƙon.

Aka sauke motar aka yi tafiyar kilomita 20 da ita a babbar hanya. Da aka dawo, wurare biyu sun ƙaru. Kusurwar murfin sama ta ɓangaren salansa tana ƙyalli. Bayan fulin karanshaf ma haka, kuma fulin ya watsa mai a da'ira kan murfin sarƙa da jikin bel.

Tambayar da ta rage ita ce me ya sa gaskit ɗan mako huɗu ke yoyo, kuma me ya sa sil na gaba ya fara daidai bayan an canza shi. A kowane inji akwai ɗan hayaƙin da ke kuɓucewa ta gefen zoben fistan ya shiga cikin bulok. Bawul ɗin PCV, wanda ke jikin murfin sama, shi ke barin manifol ya zuƙe wannan hayaƙi a mayar da shi a ƙona. Wani tiyon kuma yana shigo da iska mai tsabta daga bayan filtar iska. Idan tsarin na lafiya, cikin inji yakan kasance da 'yar zuƙa a silo, kuma zuƙar nan tana taimaka wa sil da gaskit su riƙe mai.

Aka buɗe murfin zuba mai inji na silo, aka ɗora takarda a bakin. Ba ta manne ba, sai ma ta riƙa ɗagawa. Don a sami adadi, aka lanƙwasa dogon tiyo mai gani-har-hanji kamar harafin U, aka zuba masa ruwa kaɗan, aka haɗa baki ɗaya da bututun sandar awo. A silo injin ya tura ruwan santimita 6 waje. A juyi 2,500 ya tura shi santimita 20. Bawul ɗin PCV da aka cire aka girgiza bai yi ƙarar da lafiyayye ke yi ba, baƙin dasƙararren mai ya toshe shi. Tiyon shigar iska, wanda ya kamata ya zama mafita idan bawul ya toshe, ya yi laushi ya lotse a gwiwarsa, kuma an sami mai kwance a babban tiyon da ke zuwa totur.

## Mako na 12 zuwa 13: gyaran

Aka fara da suwic. An zare shi da dogon soket. Kafin a sa sabo, aka ɗaura agogon awon matsi a ramin, domin a san ko shekarun dogon juye sun taɓa famfo ko beyarin. Inji da zafi, agogon ya nuna bar 1.3 a silo da bar 3.8 a juyi 3,000, duka cikin iyakar littafi. Awon yana da muhimmanci saboda fitilar dashbod ba ta kamawa sai matsi ya faɗi ƙasa da kusan rabin bar, wato sai abu ya riga ya ɓaci. Zaren suwic ɗin mai tsukewa ne, yana ƙara kauri zuwa gindi. An shafa masa maganin toshe zare kaɗan, aka bar zare biyun farko babu komai don kada ya shiga hanyar mai, aka ɗaure Nm 15 a ma'aunin ƙarfin ɗauri. Wuce haka na iya tsaga bulok ɗin alminiyam, kuma wannan tsagar ba ta da gyara mai sauƙi. Aka wanke soket ɗin wayar da feshin wanke lantarki.

Murfin sama da aka ɗaga ya nuna abu uku. Gam ɗin silikon ya sa gaskit ɗin santsi, da aka matse shi sai ya zame daga kwarinsa a kusurwa. Noti ɗaya a kusurwar nan yana juyawa ba ya kamawa, zaren raminsa a kan silinda ya cinye. Gam ɗin da ya tsartu ciki kuma ya zama zare-zare yana reto a gefen kamshaf. An tsince su ɗaya bayan ɗaya, aka toshe ramukan komawar mai da tsumma kafin a kankare sauran da abin kankara na roba, don ƙarfe na ƙwarzane alminiyam. Ramin da ya cinye aka faɗaɗa shi aka sa masa zaren ƙarfe na gyara mai girman M6.

A cikin murfin akwai faranti da ke raba mai da hayaƙi kafin hayaƙin ya kai bawul. Ƙofofinsa sun kusa rufewa da dauɗa. An jiƙa murfin a maganin wanki ya kwana, aka ɗauraye, aka hure, aka maimaita har iska ta riƙa wucewa ba tare da tangarɗa ba. Da an sa sabon bawul an bar farantin haka, da bawul ɗin ya rasa abin zuƙa. Aka ɗora ƙarfen awo miƙaƙƙe a bakin murfin, aka tabbatar bai karkace ba.

Sabon gaskit ya shiga kwarinsa a bushe. Gam wuri biyu kawai aka ɗiga, inda murfin sarƙa ya haɗu da kan silinda, saboda nan ne ƙarafa biyu ke barin ɗan tsani da roba ba ta iya cikewa. Kowane ɗigo bai wuce milimita 4 ba, kuma an goge wurin da feshi kafin nan, don gam ba ya kama maiƙo. Aka ɗora murfin cikin 'yan mintuna kafin gam ya yi fata. An ɗaure notuna da sifanar awo, daga tsakiya zuwa gefe, a gicciye, zagaye biyu: Nm 5, sannan Nm 10. Wanda ya saba ɗauri da hannu zai ga kamar bai ɗauru ba, amma iyakar abin da noti mai kaurin milimita 6 a cikin alminiyam ke buƙata ke nan.

Aka sa sabon bawul ɗin PCV da robar mazauninsa da tiyo biyun, aka wanke babban tiyon iska da bakin totur. Aka juye 20W-50 da maganin da ke cikinsa, aka koma 5W-30 da sabuwar filta. Ba a zuba maganin wanke cikin inji ba, domin a injin da ya tara dauɗa haka yana iya ɓamɓaro ta gaba ɗaya ta je ta toshe ragar famfo. An zaɓi a yi juye na gaba bayan kilomita 1,500. Motar ta kwana kafin a tada ta, gam ya bushe.

Washegari tiyon ruwan ya nuna zuƙar santimita 3 a silo. Takarda ta manne a bakin zuba mai. Aka sake wanke injin, aka zuba sabon rini.

Sil na gaba ba a taɓa shi ba a wannan zagayen. Sil da ke naso saboda matsi wani lokaci yakan daina idan matsin ya tafi, don haka aka ba shi mako biyu.

## Mako na 15, kilomita 190,100: sil na gaba

Suwic da murfin sama sun bushe. Bayan fuli kuwa ƙyalli ya sake fitowa, ƙasa da na da, amma yana nan. Aka cire tayar dama da garkuwar da ke bayanta, aka sassauta bel, aka riƙe fulin da ƙarfen riƙo aka kwance babban notinsa. Sil ɗin ya yi tauri, leɓensa ya tsattsage a wuri guda. An zaro shi da ƙugiya a hankali don kada a ƙwarzane mazauninsa.

A wuyan fulin, inda leɓen sil ke gogawa, akwai ɗan kwari da ƙumba ke iya ji. Bai yi zurfin da za a canza fuli ba, sai aka zaunar da sabon sil milimita ɗaya ciki fiye da tsohon, leɓensa ya hau lafiyayyen ƙarfe. Na roba ne mai sifirin, don haka an shafa wa leɓen mai kafin a sa. Akwai irin na PTFE, wani nau'in roba mai santsi, da ake sa shi a bushe, kuma takardar da ta zo da shi ce ke faɗa. An buga shi da bututun da ya yi daidai da faɗinsa don ya shiga sak. Babban notin an ɗaure shi yadda littafi ya ce, sama da Nm 100. Bel ɗin da ya sha mai aka canza shi, aka wanke duk fulolin da yake bi.

## Mako na 20 zuwa 30: sakamako

A juyen kilomita 1,500 man ya fito baƙi ƙirin, an tace shi ba a ga ɓurɓushin gam ko na ƙarfe ba. Daga nan aka koma juye duk kilomita 5,000. A kilomita 191,600 sanda tana kan alamar sama. A kilomita 194,600 ta sauka abin da bai wuce mililita 200 ba cikin kilomita 3,000 da ɗoriya, wanda ba abin damuwa ba ne ga injin da ya yi wannan tafiya. Kwali ya daina nuna komai. Fitilar UV ta nuna ɗan naso a bakin kasko ta baya, tsawon yatsa, yana kama ƙura amma ba ya ɗiga. An bar shi.

## Hukunci

Yoyo uku ne a injin, dalilansu biyu. Suwic ɗin ya tsufa ne kawai, kuma shi ya kwashe mafi yawan man, saboda yana kan hanyar da famfo ke turawa da matsin bar 3 zuwa 4 a tafiya. Gaskit ɗin murfi da sil na gaba sun tsufa su ma, amma matsin da toshewar PCV ta tara a cikin inji ne ya tura mai ta cikinsu. Toshewar kuwa ta samo asali ne daga gajerun tafiye-tafiye da dogon juye.

Gyaran farko an yi shi da kyau, a wurin da babu laifi. Kwana biyun da kwali ya yi tas lokacin da mai ya ɗauka ne ya sake gangarowa bayan an goge kasko. Mai kauri ya rage ɗigon dare saboda yana jinkirin gangarowa idan ya huce, amma yana ɗaga matsi, kuma maganin kumbura roba ba shi da abin da zai yi wa suwic da ya tsage. Canjin gaskit ya dace, yadda aka yi shi ne bai dace ba. Ya kuma tona wani abu: tsohon gaskit ɗin yana yoyo, amma ta nan matsin ke samun hanyar fita. Da aka liƙe shi, matsin ya koma kan sil na gaba, sannan ya dawo ya fasa kusurwar da notinta ba ya kamawa.

Zargin sil na baya ba shirme ba ne, domin ɗigo a gindin ƙoƙon giyabos alamarsa ce sananniya. Sai dai duk abin da ke yoyo a wannan ɓangaren na inji can yake ƙarewa. Da an sauke giyabos, da an canza lafiyayyen sil, suwic na nan yana zuba, matsi na nan yana jiran sabon sil ɗin. Ɗan murfin da ke ƙasan ƙoƙon noti biyu ne ke riƙe da shi, kuma shi ya raba gardamar.

Abu guda ya rage a buɗe. Motar ta yi mako huɗu da zaren gam a cikin murfinta, kuma mai yiwuwa wani ya tsinke ya gangara kasko. Matsin mai bai nuna alamar haka ba, shi ya sa ba a sauke kaskon ba. An tsara a sake ɗaura agogon matsi a juye biyu masu zuwa. Idan awon silo ya faɗi ƙasa da bar 1, ko nason bakin kaskon ya fara ɗiga, za a sauke shi a wanke ragar famfo, a sake liƙe bakin a aiki guda.